Sabo Turken Wawa: Yadda Allah Ya Raba Ni Da Taba

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa, muna salati ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin sanannen abu ne a shari'a cewa wanda Allah Ya rufa wa asiri bai kamata ya wayi gari yana tona wa kansa ba. Amma malamai sun bambanta tsakanin mai faɗin laifinsa don alfahari, da mai faɗinsa bayan tuba don wani ya wa'aztu. Ga shi kuwa da wuya mako ya wuce ba a sami wani ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya tsaya bayan an tashi daga karatu, ya rage murya, ya ce mini, "Allah gafarta Malam, akwai wani abokina da yake son ya bar abu kaza, ya kasa." Ni kuwa na san ko wane ne abokin nan, domin ni ma na taɓa zama shi.

Shekara 17 na yi ina shan taba sigari. Na fara ta cikin 1994, sa'ad da nake ɗalibi a wata ƙasa ta Larabawa. Wani dare ne muna shirin jarrabawar nahawu, barci ya rinjaye ni, sai abokin ɗakina ya miƙo mini kara ɗaya, ya ce tana korar barci. Na zuƙa, na yi ta tari har da hawaye, muka yi dariya. Kafin wata uku ina sayen ta da kuɗin guzurina. Da na ƙare karatu na komo gida da takardar shahada cikin jaka, da wannan mugunyar baƙuwa cikin aljihu.

A gida kuwa aka ba ni aji a makarantar Islamiyya, aka kuma sa ni limancin masallacin unguwa. Saboda haka sai ɓoyo ya zama mini sana'a ta biyu. Ba na saye a unguwarmu, sai in hau babur in tafi can bayan tasha wurin wani mai tireda. Mutumin nan ya san ni sarai, amma saboda kirkinsa kullum sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ta baƙo ce ko?" Ni kuma in ce, "I, ta baƙo ce." Watau kowane kwali sai na haɗa shi da ƙarya guda. Aljihuna ba ya rabuwa da kanumfari da ɗan kwalabar turare. Uwargida ta sani, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, amma kunya ta hana ta magana. Kara 10 nake sha kowace rana. Daga baya na zauna na buga lissafi irin na 'yan kasuwa: kara 10 a rana shi ne 3,650 a shekara, cikin shekara 17 kuwa ya haura 62,000. In an ba kowane kara minti 5, to, na ƙone fiye da kwana 200 na rayuwata, dare da rana, ina tsugune a bayan katanga.

Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne yadda na mai da ilmina lauyan son zuciyata. Na san cewa lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi malamai sun yi saɓani a kanta. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya yi fatawa da halaccinta, alhali Shehu Ibrahim Laƙƙani na Masar, wanda shi ma Bamalike ne, ya rubuta littafi yana tsoratar da 'yan'uwa daga gare ta. Sai na riƙe maganar Ahmadu Baba kamar igiyar rijiya. Alhali kuwa na san waɗannan bayin Allah sun yi hukunci ne gwargwadon sanin zamaninsu, tun likitoci ba su gano abin da ke cikinta ba. A 1950 ne wasu masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar taba da sankarar huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Kuma ko ƙaramin ɗalibin fiƙihu ya san shari'a ba ta yarda mutum ya cuci kansa ko ya cuci waninsa ba. Duk na san wannan. Rashin sani ba shi ne ciwona ba.

Kada kuma a ce ban yi ƙoƙari ba. Sau uku ina rantsuwa da Allah cewa na bar ta ke nan, sau uku ina karya rantsuwar, ina ciyar da miskinai 10 kaffara. Kowane karo da ƙarfin zuciya nake tashi, in murƙushe kwalin, in jefa a masai, in cije haƙora kwana biyu ko uku, ina ta faɗa da iyali ba dalili. A rana ta huɗu sai in ga kaina a kan babur, na nufi bayan tasha, ban ma san lokacin da na yanke shawarar tafiya ba. Har na kai ga cewa a raina, hali zanen dutse ne, haka zan mutu.

Amma akwai abin da ya riƙa ɗaure mini kai. In watan azumi ya kama, tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana ba na taɓa ta, ko da ni kaɗai ne cikin ɗaki a kulle, kuma ban taɓa karya azumi ko sau ɗaya saboda ita ba. To, mutumin da ya iya haƙurin kusan awa 14 kullum har wata guda, yaya za a ce ba shi da ƙarfin zuciya? Ina ƙarfin nan yake tafiya in an sha ruwa?

Ana nan, ana nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Cikin watan Sha'aban na 1432, watau Yulin 2011, ina tsugune a wani kango bayan makaranta da la'asar, sai na ɗaga kai muka yi ido biyu da wani yaro ɗan ajina, ɗan shekara 13, ya biyo akuyarsu da ta tsinke. Bai ce kome ba, ya sunkuyar da kai ya wuce. Bayan kamar mako biyu, ina zaune a zaure bayan sallar isha'i, sai ga mahaifinsa, wani dattijon ɗan kasuwa mai sayar da yadi. Muka gaisa, ya ce, "Allah gafarta Malam, haƙuri na zo ba ka. An kama yaron nan da guntun taba. Da na tsare shi, sai ya buɗe baki ya ce wai ai Malam ma yana sha. Wallahi Malam, dukan da na yi masa saboda tabar kaɗan ne. Na ƙaryar da ya yi maka shi ne ya kwantar da shi."

Jama'a, ga kwali cikin aljihun 'yar cikina yana taɓa ƙirjina. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ba kome Alhaji, yara ne, Allah Ya shirye su." Ya yi godiya ya tafi.

Daren nan ban runtsa ba. An doki yaro saboda ya faɗi gaskiya, kuma malamin da ke koya masa cewa gaskiya wajibi ce ya sa hannu a kan zaluncin da shirunsa. Ashe abin da nake ce wa kaina tsakanina da Ubangijina ne kawai, ya riga ya zama haƙƙin wani bawa. Da aka idar da sallar asuba na bi Alhaji har gida, na ce a kira yaron. Na ce, "Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, ni na yi." Na roƙi yaron gafara a gaban ubansa. Dattijon nan ya daɗe yana kallon tabarma, sa'an nan ya ce, "Malam, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya." Bai ƙara kome ba, kuma har ya koma ga Allah ban ji maganar a bakin kowa ba. Allah Ya jiƙansa.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai zauren tsohon malamina, wanda na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gabansa tun ina yaro. Na faɗa masa kome, na ce ina so in yi rantsuwa ta huɗu a gabansa. Ya ce, "Kul, ɗana. Sunan Allah ba sandar kora ba ne. Kai da ka rantse sau uku, ka taɓa tsayawa ka dubi abin da kake faɗa da shi? Wanda ke dambe cikin duhu ai iska yake naushi." Sa'an nan ya ba ni aikin da na ji kamar wasa. Ya ce daga yau har kwana bakwai kada in sa a raina na bari. Amma duk lokacin da hannuna ya nufi aljihu, in dakata, in faɗa wa kaina a fili cewa ga ni nan, zan kunna taba, kuma Allah Yana kallona. In rubuta lokacin a ɗan littafi, da abin da nake yi kafin nan, da abin da nake ji a raina. Ya tuna mini maganar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, da ke cikin Buhari, mai nuna cewa ayoyin da suka fara sauka na gyaran zukata ne, na Aljanna da wuta, sai da imani ya zauna sa'an nan halal da haram suka biyo. Ya ce hukunci dai ya riga ya tabbata, ba mai jinkirta shi, amma zuciyar da ba a farkar ba ba ta iya ɗaukarsa.

Abin da littafin nan ya nuna mini ya ba ni mamaki. Cikin kara 10, biyu ne kaɗai ko uku jikina yake nema da gaske, musamman na farkon safiya. Sauran duk a ɗaure suke da wani abu: ɗaya da kofin shayi, ɗaya da gama cin tuwo, ɗaya da tashi daga aji, ɗaya da ɓacin rai in an yi mini maganar kuɗi. Ba ni ke yanke shawara ba, shayin ne ke kiranta, hannu kuma ya amsa, ni ina can ina tunanin wani abu dabam. Sau da yawa kuma, da zarar na faɗi kalmomin nan a fili, sai in ji abin ya yi mini nauyi, in mai da karan cikin kwali. A nan na gane sirrin azumi. Mai azumi ba ƙarfi aka ƙara masa ba, farkawa aka ƙara masa. Yini guda yana sane da bakinsa, yana sane da Wanda yake yi dominSa. Da an sha ruwa sai ya sallami mai gadi, gafala ta dawo ta shimfiɗa tabarmarta.

Malamanmu sun daɗe da bayyana wannan. Sun ce abin da ke gudana a zuciya kafin aiki mataki biyar ne. Na farko hajisi, watau abin da ya faɗo ya wuce kamar walƙiya. Na biyu haɗiri, wanda ya faɗo ya ɗan zauna. Na uku zancen zuci, inda mutum yake kai da kawowa, in yi ko kada in yi. Na huɗu himma, sa'ad da ɓangaren yi ya rinjaya. Na biyar azama, watau ƙulla niyya, daga ita sai aiki. Shi sabo aikinsa shi ne ya haɗe matakan nan biyar su zama tsalle ɗaya, har mutum ya ga kamar babu kome tsakanin tunowa da aikatawa. Ni kuwa duk shekarun nan ina jiran abokin gaba a mataki na biyar, inda ya riga ya yi ƙarfi, na bar ƙofa ta farko ba kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan tsaron ƙofa shi malamai suke kira muraƙaba, tushenta kuwa hadisin nan na Mala'ika Jibrilu, inda aka bayyana ihsani da cewa bawa ya kasance kullum yana sane da ganin da Allah Yake yi masa.

Ran 1 ga Ramadan na shekarar na bar ta. Kwana uku na farko sun yi tsanani ƙwarai: ciwon kai, rashin barci, saurin fushi. Likitoci sun ce haka abin yake, domin cikin taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin sakan 10 zuwa 20 bayan an zuƙa, in jiki ya saba da shi kuma aka yanke, yakan yi bore na 'yan kwanaki, sa'an nan ya yi ta lafawa cikin makonni biyu zuwa huɗu. Amma wannan karo ban cije haƙora ina kokawa ba. In ƙishirwarta ta taso bayan buɗa baki, sai in zauna in dube ta kamar yadda ake duban baƙon da ya yi sallama. In tambayi kaina, a ina take? Sai in same ta a maƙogwaro, da wani ƙunci a ƙirji, da ƙaiƙayi a yatsu biyu. In dubi agogo. Wallahi, abin da na ɗauka dutse ne wanda ba ya motsi, ashe hadarin kaka ne: ya taso, ya yi duhu, ya yi rugugi, cikin minti huɗu ko biyar ya watse. Watau gwargwadon alwala da raka'a biyu. Saboda haka na mai da su ma'aunina, in ta taso in tashi in yi alwala in yi nafila, kafin in sallame ta wuce. Na bar shayi wata biyu cur. Na sa asuwaki a aljihun da kwali yake zama, don hannu in ya je ya tarar da abin kirki.

Wani abin da ya taimake ni shi ne tsarin da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya shimfiɗa cikin Ihya'u. Ya kamanta hankali da ɗan kasuwa, rai kuma da abokin cinikinsa wanda ba a amince masa ba. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. In ka ba yaro jari, da safe za ka gindaya masa sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da yamma ku zauna ku yi lissafi. Ba wanda ke ba yaronsa kaya ya ce sai baɗi mu haɗu. To, rantsuwar da nake yi a dā irin wannan ce, ciniki na har abada ba tare da lissafin yini ba. Sai na koma sharaɗin kwana ɗaya. Bayan sallar asuba in ce wa raina, yau kaɗai nake nema a wurinki. Kafin in kwanta in buɗe littafi in ga yadda muka ƙare.

Ba zan ɓoye muku ba, na faɗi sau ɗaya. Bayan kamar wata uku, a hanyar dawowa daga ta'aziyya, motarmu ta lalace cikin dare a wani gari inda ba wanda ya san ni. Ga gajiya, ga mai shayi, ga direba yana busawa. Na sha kara ɗaya. Nan take Shaiɗan ya zo da tsohuwar waƙarsa, wai tun da an ɓata, a ƙarasa. Wannan ita ce ta kashe ni sau uku a baya, domin faɗuwa ba ta kai yanke ƙauna illa ba. Sai na yi istigfari, na rubuta abin cikin littafi kamar yadda akawu ke rubuta asara, da dalilanta uku: gajiya, da baƙunta, da zama kusa da mai sha. Da gari ya waye na ɗaura sabon sharaɗi. Daga ranar har yau ban koma ba, da ikon Allah da taimakonSa, ba da wayona ba.

Ya ɗan'uwa, wataƙila naka turken ba taba ba ne. Wani goro ne, ba ya iya buɗe rumfa sai da ɓari a baki, in babu kansa ya yi ta sarawa, domin goro ma yana da sinadarin da ke cikin gahawa. Wani wayar hannu ce, ana kiran salla yana shafa ta, mai neman sa hannu a fayil yana tsaye a gaban teburinsa. Wani giba ce a majalisa, wani caca, wani kallon abin da Allah Ya hana. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne, amma igiyarsu iri ɗaya ce, hanyar kwance ta kuma ɗaya ce. Ka fara da kallo kafin kokawa. Ka san lokutanka da wurarenka da abokan da ke jawo ka, ka nisance su, kamar yadda aka umarci mai tuban nan da ya kashe rai 100 ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Ka sa wani abu mai kyau a gurbin da ka share. Ka nemi mutum ɗaya mai amana ka faɗa masa, domin sabo a cikin ɓoyo yake ƙiba. Kuma kada ka bar addu'a.

Sai dai akwai gargaɗi guda wanda tilas in yi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma saboda irin wannan ɓarna ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Wanda ya yi nisa cikin giya, ko kodin, ko tiramadol, ko ƙwayoyin sa barci, kada ya dogara ga abin da na faɗa kaɗai. Yanke giya ko ƙwayar barci farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai haɗari ga rai. A kai shi ga likita, akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Neman magani ba ya warware tawakkali. Ku kuma iyaye, mari da ɗaurin mari ba su taɓa farkar da zuciya ba.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana zaune a rumfar mahaifinsa. Duk sa'ad da na bi ta layinsu yakan taso ya gaishe ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, a shigo a sha ruwa." Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na dai lura ba ya sha, na kuma gode wa Allah da bai kama ni da laifin lalacewarsa ba.

Allah Ya farkar da mu daga gafala, Ya kwance mu daga kowane turke in ba na bautarSa ba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum.